Gizo-gizo Mai Ƙafa Shida

Yayana ya yi shekara ashirin da tara yana rubuta tambayoyin ƙasan kalanda. In kun san irin kalandar nan mai kauri da ake ratayewa a ƙusa, wadda kowace rana ke da fallenta, a yage na jiya da safe a jefar, to a can ƙasa, ƙarƙashin ƙatuwar lambar kwanan wata, akwai layi biyu da ƙananan haruffa. Layin farko amsar tambayar jiya ce, na biyu kuma tambayar yau. Layi biyun nan su ne aikin Yaya. Ni kuwa direba ne a maɗaba'ar da ke buga kalandar. Ni nake raba ta shago-shago in shekara ta zo ƙarshe, sauran watanni in yi ta jigilar takarda da tawada da rasit na 'yan kasuwa.

Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ya girme ni da shekara goma sha ɗaya, kuma shi ya sama mini aikin. Amma ba mu ɗauko halin juna ba ko kaɗan. Ni mai baki ne, in raina ya ɓaci sai unguwa ta ji. Shi kuwa sai ya yini bai ce uffan ba. A wurin aiki Amsa-Gobe ake ce masa, don ko kai wane ne, in ka roƙe shi ya faɗa maka amsar tambayar yau, abin da za ka ji ke nan. Matarsa ma, wadda nake kira Anti, ba ta samun ragi. Ta taɓa yi masa yajin magana na yini guda a kan wani kacici-kacici, wai yana da haƙora amma bai taɓa cin abinci ba. Da gari ya waye ta yage falle ta ga ashe mataji ne, ga shi kuma a hannunta tana taje kai, ta jefe shi da shi.

Bai yi wani dogon karatu ba. Yana aji shida mahaifinmu ya rasu, ya bar makaranta ya shiga maɗaba'ar yana share guntayen takarda. Tsohon maigidanmu, mai wurin, ya lura da cewa shararsa ba ta sauri, don ba ya zubar da takarda sai ya karanta ta. Har ya yi niyyar korarsa, sai ran nan Yaya ya kawo masa wani rasit da aka buga dubu biyu, ya nuna masa cewa lambar wayar mai shagon ta rasa lamba ɗaya. Daga ranar aka karɓe tsintsiya aka ba shi jan biro na gyaran kuskure. Shekaru bayan haka, da maigida ya fara buga kalanda, ya ga ƙasan falle fili ne fetal, ya ce Yaya ya nemi abin da zai cike shi.

Yaya bai ɗauki abin da wasa ba. Ya raba mako gida bakwai. Asabar abinci, Lahadi kiɗa da waƙa, Litinin sutura, Talata siyasa, Laraba labarin ƙasa da halittun da ke yawo a kanta, Alhamis tarihi, Juma'a kacici-kacici, don ya ce ranar mutane ba su son abin da zai sa su buɗe littafi. Kowace tambaya katinta daban, tambaya a gaba, amsa a baya, a ƙasa kuma sunan littafin da ya samo ta da lambar shafi. Littafi ɗaya ba ya isarsa, sai biyu sun yarda da juna. In suka saɓa, katin ya tafi wani gwangwani da yake kira asibiti, ya kwanta can har a samu littafi na uku. Akwai katin da ya shekara goma sha huɗu a asibiti a kan wa ya fara ƙirƙiro maɓalli, kuma har yau bai warke ba.

Gwangwanayen biskit ne, guda takwas, jere a kan kanta a ɗakinsa na zaure, kusa da taga. Ɗakin ba shi da girma: tebur, kujera mai ƙafa ɗaya da aka ɗaure da waya, fanka da ke juya kai kamar tana ƙin magana, sai littattafai da ya tsinto a kasuwar tsofaffin kaya, wasu ba bango, wasu gara ta ci gefensu. Ranar Talata ce ta fi ba shi wahala. Ba ya taɓa tambayar wa ke mulkin ƙasa kaza, ya ce irin wannan amsa tana iya mutuwa kafin ranarta ta zo, tunda kalanda wata biyar take kwana a buge kafin a fara yage ta. Sai dai ya tambaye ka a wace shekara aka kafa Majalisar Ɗinkin Duniya, ko ƙasashe nawa ke da kujerar dindindin a kwamitinta na tsaro. Waɗannan, in ji shi, an riga an binne su, ba sa motsi.

Mu 'yan gida mun sha wahalarsa. Ba dama ka ci abinci a gabansa cikin kwanciyar hankali. Kana kai loma zai gaya maka cewa tumatirin da ke cikin miyar asalinsa daga Kudancin Amurka yake. Ka ce raƙumi yana ajiye ruwa a tozo, ya ajiye cokali ya ce kitse ne. Ɗiyarsa ta fari ta kawo manemi gida, mutum mai digiri biyu, yana ta cika baki wai zai tafi ƙarin karatu Sidni, babban birnin Ostireliya. Yaya ya bari sai da ya rako shi bakin ƙofa, sannan ya ce masa a hankali, Kanbera ce. Auren dai an yi, amma surukin har yau ba ya ambaton sunan kowane gari a gidan.

Abin da yake taƙama da shi ɗaya ne, kuma bai taɓa faɗarsa da bakinsa ba, mu ne muke faɗa masa. A shekara ashirin da tara, tambaya sama da dubu goma, ba wanda ya taɓa dawowa da falle ya ce ga kuskure. Yadda yake yi kuwa, in ya gama katunan shekara a wata na takwas, a kai wa mai kwamfuta ya buga, a fitar da bugun gwaji. Yaya ya karanta shi sau uku: sau ɗaya daga farko, sau ɗaya daga ƙarshe yana komawa baya, na uku kuma da ƙarfi, Anti na riƙe da katunan tana bi. Sai ya sa hannu a kowane shafi. A shekarun baya-bayan nan gwiwa ta hana shi yawan zuwa wurin aiki, don haka ni nake kai masa bugun gwaji gida, in dawo da shi in ya gama.

Maigida ya rasu, ɗiyarsa ta karɓi wurin. Manaja muke ce mata, Yaya kaɗai ke ce mata 'yata, don a gabansa ta yi rarrafe a tsakanin injuna. Ba muguwa ba ce, kada in ɗauki alhakinta. Aiki ne ya yi ƙasa, kowa ya koma duba kwanan wata a waya. A shekararta ta uku wani kamfanin sabulu ya ce yana son layi biyun nan na ƙasa ya sa tallarsa a kowane falle. Ta kira Yaya ofis, ina tsaye a bakin ƙofa da makullin mota a hannu, ta yi ta kewaye-kewaye kafin ta fito da maganar.

"Baba, lambar wayarmu tana kan kowane falle. Shekara uku ina kan kujerar nan, ba wanda ya taɓa kira a kan tambayoyin nan, ko na yabo ko na zagi. Anya ana karantawa kuwa?"

Yaya ya ce bai sani ba, shi dai rubutawa yake yi. Ta ce to a yi na shekara mai zuwa, tunda ya riga ya yi nisa da katunan, in ba ta ga wata alama ba, sai a ba masu sabulu. Ya ce ba komai, ya gode. A mota ina ta bambami, na zagi sabulu, na zagi waya, na zagi wanda ya ƙirƙiro ta. Shi kuwa yana kallon titi, ya ce in rage gudu akwai rami a gaba.

A nan ne na yi wayon da ya fi ƙarfina. Na duba aikina na tuƙi. Shekara ashirin ina kai kaya a kan lokaci, ba wanda ya taɓa ɗaga waya ya ce wa ofis direbanku ya kyauta. Amma ranar da na makara da awa ɗaya, wayar ofis har zafi take yi. Na ce ashe matsalar Yaya ita ce ba ya kuskure. Mutane ba sa kira don abu ya yi daidai. A ba su kuskure ɗaya tak, ƙato, wanda ko makaho zai laluba, sai su yi ca a kan wayar, Manaja ta ga da idonta cewa ana karantawa. In ƙura ta lafa in fito in ce ni ne, a yi dariya, a wuce wurin.

Da na karɓo bugun gwaji na shekarar, da sa hannun Yaya a kowane shafi, na tsaya a gefen titi na yi ta buɗawa ina neman wadda ta dace. Na wuce maɓallan fiyano, kayan kiɗan nan na Turawa, tamanin da takwas, don wa zai ƙirga? Na wuce shekarar da aka buɗe mashigin ruwan Suwez. Sai ga wata Laraba a wata na uku: gizo-gizo ƙafarsa nawa? Amsa a fallen Alhamis, takwas. Na ce yauwa, wannan kowane gida akwai shi a kusurwa, yaro ma zai ƙirga. Na je na samu mai kwamfuta, wani siririn mutum mai 'ya'ya biyar da tsoron Allah da tsoron Manaja, na ce ya mayar da takwas shida. Ya ce ba ruwansa. Na zaunar da shi na yi masa wa'azi na rabin awa a kan taimakon dattijo, har ya ga kamar in bai yi ba shi ne azzalumi. Ya goge kalma ɗaya ya rubuta wata. Aka buga kalanda dubu shida, ni da kaina na raba su. Bugun gwajin kuma ya bi sauran tarkacen takarda zuwa wurin masu saye a kilo, kamar yadda ake yi kowace shekara.

Wata bakwai ina barcina lafiya lau. Har daɗi nake ji in na tuna.

Ranar Alhamis ɗin na riga mai gadi zuwa. Na samu kujera kusa da wayar ofis na zauna, wai ina jiran takardar kaya. Wayar ta yi ƙara sau uku kafin azahar. Na farko mai son katin gayyata, na biyu mai ƙorafin an rubuta sunan shagonsa ba daidai ba, na uku kuma ɓatan lamba, wata tsohuwa ce ke neman jikanta. Wanda ya zo a kan gizo-gizo mutum ɗaya ne, Yaya. Ya hawo motar haya da gwiwar nan tasa, ya shigo da fallen a hannu ɗaya, katin a ɗaya hannun, ya ajiye su gaban Manaja ya ce ya zo ya kawo ƙarar kansa.

Ita ba ta ma lura ba. Ta duba ta yi murmushi ta ce ai ba komai, kuskuren bugu ne, kowa na yi. Ya nemi bugun gwaji, aka ce an sayar. Ya je wurin mai kwamfuta, bai yi masa faɗa ba, ya ce masa ko da hannunka ya zame ka buga shida, aikina ne in gani, sau uku na karanta. Mai kwamfuta ya yi tsamo-tsamo yana satar kallona ta saman gilashi. Ni kuwa na kafa wa silin ido. Na ce a raina bari dai a kwana biyu, kira na nan zuwa, in na yi magana yanzu na ɓata shiri.

Kwana goma, ko kira ɗaya. Kullum ina zuwa in zauna kusa da wayar har sakatariya ta fara tambayata ko mota ta lalace ne. Na fara tunanin ashe gaskiyar Manaja ce, ba mai karantawa, na ɓata wa mutum suna a banza. Gidan Yaya kuwa na ƙaurace masa, don ban san da wane ido zan kalle shi ba.

A rana ta goma sha ɗaya na kai rasit shagon wani tela a bayan tasha. Tun daga waje nake jin hayaniya. Na shiga na tarar da mutum shida ko bakwai, keke a tsaye ba mai taka shi, ga mai gyaran rediyo na shagon kusa riƙe da kwalba, da gizo-gizo a ciki. Ashe musu ne ake yi tun waccan Alhamis. Mai rediyo ya ce takwas ne, ya kamo ɗaya ya kawo, an ƙirga a gaban kowa an samu takwas. Tela ya ciro fallen daga ƙusa, inda ya soke shi tare da wasu ɗaruruwa, ya ce kalanda ta ce shida, don haka biyun gaba hannuwa ne, da su yake saƙa. Wani ya ce a duba waya. Aka duba, waya ta ce takwas. Tela ya ce waya kowane ɗan zaman banza yana iya rubutu a cikinta, amma kalandar nan tun zamanin mahaifinsa take rataye a shagon, ba ta taɓa yi musu ƙarya ba. Mutum huɗu suka goyi bayansa. Mai rediyo ya kalli kwalbarsa, ya sake ƙirgawa da yatsa, na ga shi kansa ya fara shakka.

Na yi dariya har da hawaye. Sai da na koma mota na kama sitiyari sannan dariyar ta yanke. Ashe ba rashin karantawa ya hana su kira ba. Sun yarda da Yaya ne fiye da idonsu.

Washegari na lallaɓi Manaja ta bi ni. Ban gaya mata abin da na yi ba, na ce dai ta zo ta ga wani abu. Na kai ta wurin tela, musu na nan bai mutu ba, gizo-gizon ne kawai ya mutu an kamo wani. Na kai ta wurin mai aski, wanda ba ya fara aski da safe sai an karanta tambayar yau. Na kai ta wani kantin magani inda matar da ke sayarwa ta ɗinke fallayen Juma'a na shekara shida da zare, ta ce da su take rufe bakin 'ya'yanta in sun dame ta. Da muka koma ofis Manaja ta ce masu sabulu su ɗauki allon bayan kalanda in suna so, ƙasan falle na Baba ne, in je in gaya masa.

Na tafi da la'asar, ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Har na tsara yadda zan faɗa: albishir tukuna, sannan laifina, ya zage ni in durƙusa, Anti ta shiga tsakani, a kawo shayi.

Anti ta tare ni a tsakar gida tana shanya. Ta ce ina na shiga kwana goma sha biyu? Kafin in ƙirƙiro ƙarya ta ja ni gefe ta rage murya. Ta ce Yayanka ba lafiya, ba kuma ciwon jiki ba. Tun ranar gizo-gizo ba ya cin abincin kirki. Ta gaya masa ita shaida ce, da kunnenta ta ji ya karanta takwas tana riƙe da katin. Ya ce ai wannan ya fi muni, ke nan idonsa ya ga shida bakinsa ya ce takwas. Kullum da safe sai ya sa ta zari kati ashirin ta tambaye shi, in ya ɗan yi jim kafin amsa ɗaya, shi ke nan yinin ranar ya lalace. Shekaranjiya ya ba ta takardun gida da makullin akwatinsa. Ya ce in ta ga ya fara fita ba dalili, ta kulle ƙofa, kada ta ji kunyar maƙwabta.

Nan na gane inda hankalinsa ya tafi. Innarmu, Allah ya jiƙanta, da ƙananan abubuwa ta fara. Ta sa gishiri sau biyu, ta ajiye takalmi a cikin kwandon kwanuka, ta kira Yaya da sunan ƙaninta da ya daɗe da rasuwa. Daga baya ta koma fita tana neman gidan da aka rushe tun muna yara. Shekara shida Yaya yana jinyarta a ɗakin nan na zaure, kuma shekarunta da ta fara su ne shekarunsa yanzu. Ni na san wannan sarai. Wallahi ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai ba lokacin da nake tsaye a kan mai kwamfuta. Garin neman gira na tsokane ido.

Na shiga ɗakin. Yana zaune a kujerarsa, ya rame, gwangwanayen nan takwas an sauko da su ƙasa an ɗaure da igiya biyu-biyu. Ya ce madalla da na zo, dama yana so in kai wa 'yarsa Manaja su, ko za ta sami wani mai ƙuruciya ya ci gaba. Na manta da tsarin da na yi. Na durƙusa na faɗa masa komai a jere: wayar ofis, gefen titi, mai kwamfuta, tela da kwalba, da saƙon Manaja. Na ce takwas ka rubuta, takwas ka karanta, takwas ka sa wa hannu, ni na canza. Na sunkuyar da kai ina jiran abin da zai biyo baya.

Ya saurare ni har ƙarshe. Labarin tela ya ɗan sa shi murmushi, ya ce a je a gaya wa mai rediyo shi ne da gaskiya, kada a bar bawan Allah yana shakkar idonsa. Sannan ya dafa kaina ya ce Allah ya yi mini albarka. Na fito ina mamakin arhar da na samu. Na ce wa Anti an gama, ta dafa masa abin da yake so.

Da safe ta kira ni ta ce gwangwanaye na nan a ɗaure, yana tambaya yaushe zan zo in ɗauka. Kuma ya sa ta zari kati ashirin kamar kullum.

Raina ya ɓaci, na je na ɗauko mai kwamfuta daga kan aikinsa, ko izini ban nema ba. A gaban Yaya mutumin ya faɗi yadda aka yi, har da ranar da lokacin da irin rigar da na sa, yana faɗa yana share zufa. Na ce a kawo duk abin da ake rantsuwa da shi in rantse. Na ɗaga murya har Anti ta leƙo. Yaya ya sa aka kawo wa mai kwamfuta shayi, ya tambayi lafiyar 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, duka biyar, bai tsallake ko ɗaya ba. Na ce to ka gani? Mai ruɗewa ne zai riƙe wannan? Ya ce Inna ma ta riƙe sunayen awakin gidan kakanmu har ta rasu. Ya yi wa mai kwamfuta godiya, ya ce ya koma bakin aikinsa kada a neme shi.

Da muka rage mu biyu ya ce in zauna. Ya daɗe yana kallona, irin kallon da yake yi mini ina ƙarami in na zo da ƙaryar da ba ta nuna ba.

"Auta, ka yi ƙoƙari, har da ɗauko shaida. Amma ka manta wa ya koya maka wannan? Ranar da Inna ta bar tukunya a wuta har ta ƙone, ta zauna tana kuka tana cewa ta haukace, wa ya ja ka bayan ɗaki ya ce ka je ka ce kai ne ka manta?"

Na ce shi ne.

"Da ta zuba sukari a miya fa? Da ta ɓatar da makulli?"

Na ce Yaya wannan daban, wallahi wannan ni ne.

"Haka na ce ka riƙa cewa, har da wallahin," in ji shi. "Ita ma ta kan yi kamar ta yarda, don kada ta ba mu kunya. Ni ba zan iya yi maka haka ba. Tashi ka kai wa yarinyar nan kayanta, ka kama su ta ƙasa, igiyar ba ta da ƙwari."

Duk abin da zan faɗa na riga na faɗa wa Inna shi a ɗakin nan, yana tsaye yana gyaɗa mini kai. Na tattara gwangwanayen biyu-biyu na kai mota, sawu huɗu. A sawu na ƙarshe na ji yana ce wa Anti ta zaro ashirin daga aljihun tebur, ya ware su tun jiya don gwajin safe.